Wikalar Guri a Alƙahira, da zancen da ya dawo da mu Madunka

Nasiru Azhari
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata ko hotunan da na turo na masallaci ne, a'a. Wikalar Guri ke nan, wani tsohon masaukin fatake a Alƙahira, taku kaɗan daga masallacin Azhar. Sarki Ƙansuwa Alguri na daular Mamluk ya gina ta tsakanin 1504 da 1505 don fatake. Hawa biyar ce, da fili a tsakiya. Ƙasa rumbunan kaya ne, sama kuma ɗakunan haya, masu tagogin katako da aka saƙa kamar raga, na ciki ya ga waje, na waje bai ganin ciki. Kuɗin hayar wakafi ne, da shi ake riƙe masallaci da makarantar da sarkin ya gina nan kusa. Shi kansa ya mutu a yaƙin Marju Dabiƙ kusa da Halab a 1516, ba a ma ga gawarsa ba, ƙubbar da ya gina wa kansa ba shi ke ciki ba. Amma masaukin fatake yana nan tsaye.

Abin da ya sa na shiga shi ne yanzu ma'aikatar al'adu ke riƙe da wurin, kuma masu zane da masu aikin hannu ne a ɗakunan. Kana iya tsayawa bakin ƙofa ka ga mutum yana aikinsa, in ya ga dama ya ce ka shigo. An kuma daɗe ana wasan tannura a tsakar gidan wasu dararen, maza ne ke juyi da wani faffaɗan bante mai launi-launi.

Daga baya wani abokina Bamisre ya ja ni cikin gari, titin Karim Addaula kusa da dandalin Ɗal'at Harb, inda ƙungiyar masu zane da marubuta take, wadda suke kira Atelye. An kafa ta a 1953, kuma mai zane Muhammad Naji na cikin waɗanda suka assasa ta. Ita ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ta 'yan ƙungiya ce. Gidan ba wani girma gare shi ba: zauren da ake rataya zane, ɗan lambu, kujeru, shayi. Amma tsoho mai furfura da yaro ɗan jami'a ka gan su tebur ɗaya suna gardama kan zane.

To tambayata: in baƙo ya sauka Sakkwato, mun kai shi Hubbare, mun kai shi ƙofar fada, sai ya ce yana son ya zauna da masu fasahar garin, ina za mu kai shi?

Baba na Madunka
Wa alaikumus salam. Nasiru ɗana, kai da anka haihwa garinga kaka wagga tambaya? Kawo mani shi Madunka. In ya gama, mu tai Majema ya ga inda hwata taka hitowa, mu biya Marina, mu ƙare Maƙera Asada. Kowace shiyya da sana'atta, kowace sana'a da shugabanta. Tun kahin a san wata ƙungiya mai takarda muna da wanga tsari. Masar ba su hi mu komi ba sai bene.

Nasiru Azhari
Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. Su ma suna da irin wannan, layin Khayyamiyya wajen ƙofar Zuwaila, inda masu ɗinkin tanti suke jere shago bayan shago. Can na tuna da ku ƙwarai. Amma a ina baduku da marini da mai zayyanar Alƙur'ani da yaron da ke zane a kwamfuta suke haɗuwa su ga aikin juna? Kowa na shiyyarsa. Abin da na gani can ke nan wanda ban sani ba a gida.

Abu Hafsa
Ni dai a yi hattara. Garin Shehu ne wannan. Mun tura ka karatu ka koma kallon rawa da hotuna, yanzu kuma kana son a kawo mana. Hadisan da suka zo kan masu yin surori ba ɓoyayyu ba ne.

Malam Umaru Gidaɗawa
Abu Hafsa, tsoronka yana da wuri, amma a rarrabe. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tsananta a kai shi ne cikakkiyar sura ta abu mai rai wadda take da inuwa, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango hukuncinsa bai kai nan ba a wurinsu, wasu malaman kuma sun tsananta har a kansa. Itace, gini, ƙira, harafi, ado irin na dagi, ba su ake nufi ba. Ka ɗauko tsohon Alƙur'ani bugun hannu ka duba zayyanar da ke farkonsa da wuraren rubu'i da sumuni, ja da ɗorawa, sannan ka dubi gafakar da aka sa shi ciki. Wa ya yi? Mai fasaha. Kuma Sarkin Musulmi Bello, wanda ya kafa garin nan a 1809, cikin nasihohin da ya rubuta wa masu mulki akwai cewa su kula da masu sana'a, maƙera da marina da maɗinka da sauransu, su zaunar da su a garuruwa. Don haka gidan da zai tara masu sana'a ba baƙon abu ba ne a tsarin Shehu.

Abu Hafsa
Allah gafarta Malam, na ji. Amma kullum da zayyana ake farawa. Shekara biyu sai ka ji kiɗa, sai maza da mata a cakuɗe, sai a ce ai al'ada ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aisha S.
Malam Abu Hafsa, ni mai zane ce, kuma da hijabina nake yi. Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Yaron da Allah ya ba hannu a garin nan, in bai fito gidan sana'a ba, ba shi da wanda zai nuna wa aikinsa. A gida a ce yana ɓata takarda. A makaranta a sa shi zanen taswira a allo saboda shi ya iya. In ya dage sai ya bar gari, ya tafi Zariya ko Legas ko Abuja, kuma yawanci ba ya dawowa. Wanda ya rage ya koma rubuta allon shaguna da bayan mota.

A Zariya, 1958, ɗalibai ne 'yan kaɗan suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Hujjarsu ita ce ba za su yi ta kwaikwayon zanen Turawa ba alhali suna da na iyayensu. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. A ƙasar Hausa suka zauna suka yi wannan tunani, amma mu masu dagi da zanen bango da aska takwas a gaban riga ba mu yi irinsa ba. A 1961 aka buɗe Mbari a Ibadan, marubuta da masu zane wuri guda, har suka baje aikin Ibrahim Salahi na Sudan, wanda ɗan malami ne kuma daga harafin Larabci ya ciro salonsa. Mutanen Ibadan sun ga haka tun shekarun 1960. Mu da muka tashi da allo da tawada fa?

Lawali Gusau
Ku kuna ta zane. Mawaƙa fa? Da can fada ce gidansu. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar. Uban gida ya ciyar, ya tufatar, ya ba doki, yaran amshi su koya a gindin maigidansu. Yanzu wanga tsari ya ja baya, ba a kuma kawo wani a madadinsa ba. Ko da yake tun 1996 da aka ba mu jiharmu muka kwashe rabin mawaƙan, Kabawa kuma suka tafi da Argungu tun 1991. Me ma ya rage maku da za ku sa a gidan?

Baba na Madunka
Lawali, ka tahi da makaɗa, mun riƙe malamai. Mu munka ci riba.

Injiniya Kabiru
Ku bar raha, ga inda gizo ke saƙa: wa zai biya? Aisha ta ambaci Mbari, to a ƙarasa labarin. Kuɗin da ya tashe ta daga waje ya zo, ta hannun wata ƙungiyar raya al'adu mai ofis a Faris, daga baya aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ce ke ba ƙungiyar kuɗi. Sai ga yaƙin basasa a 1967, marubucin waƙa Christopher Okigbo, ɗaya daga cikinsu, ya mutu a fagen daga, sauran suka watse. Abin da ya tsaya da ƙafar wani ba ya daɗewa. In kuma gwamnati kuke jira, kun san yadda ake yi. A ba da kwangila, a shafa fenti, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan damina biyu rufi na yoyo, maigadi kaɗai ke zuwa.

Sannan wata tambaya. Muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin garin nan, da takardu da kayan tarihi. Cikinmu nan wa ya taɓa shiga da ƙafarsa, ba makaranta ta kai shi ba?

Murtala Mabera
Ni kullum ina wucewa ta wajen.

Injiniya Kabiru
Ka ji ko. Wucewa.

Nasiru Azhari
Yaya Kabiru, gidan tarihi daban, abin da nake nufi daban. Gidan tarihi yana adana abin da aka gama. Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1997, kuma da ba don irinsa ba da takardu da yawa sun salwanta. Wannan aiki ne babba. Amma wurin da za ka sami mai aikin da ransa, allura a hannunsa, ka tambaye shi ya amsa, shi ne ke jawo mutum ya koma sau biyu.

Bukar Mai Shayi
Tun da zancen Alƙahira ake, a bar ni in tuna wa Fulani wani abu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a can, ɗalibansu da alhazansu na sauka. Lokacin kakanninku suna bin saniya a daji. Mu mun san wakafi tun kafin ku san gari.

Malam Umaru Gidaɗawa
Bukar, bawa ba ya gori gaban ubangijinsa. Amma tarihin da ka kawo gaskiya ne.

Nasiru Azhari
Har a Azhar ɗin akwai ruwaƙin Barnawa, wato ɓangaren da aka ware wa ɗaliban Borno. Kuma Imam Suyuɗi, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, a 1505 ya rasu, daidai lokacin da ake gama wikalar nan. Alaƙarmu da garin ta daɗe.

Hajiya Inno
Na karanta duka, ban ga inda kuka sa mata ba sai a bakin Abu Hafsa, shi ma don ya ce kar mu cakuɗa. Hular da ke kanku wa ya ɗinka? Faifai da tabarma da adon ƙwarya da zaren da aka kaɗa? Mace na cikin ɗaki wata guda tana huda hula, idonta na mutuwa, dillaliya ta karɓa, ɗan kasuwa ya karɓa hannun dillaliya, mai saye bai taɓa jin sunanta ba. In gidanku na maza ne su sha shayi su yi gardama, ba mu da rabo ciki.

Kuma ku da kuke neman misali har Masar, ga shi a ɗakin uwarku. Nana Asma'u ta rasu a 1864. 'Yan Taru da ta kafa, jaji ta ɗaura malfa ta jagoranci mata daga ƙauye su zo su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar, abin ya rayu bayanta tsara bayan tsara. Wane bene ta gina? Tsari ta yi, ta san wa za ta naɗa, ta san me za a koyar. Ku fara da mutane. Gini ya biyo baya.

Aisha S.
Inna, Allah ya saka. Wannan ita ce maganar.

Baba na Madunka
Hajiya ta yi gaskiya, kuma bari in hwaɗa maku abin da ad damuwata, don ku yara kuna ganin jaka ta ƙare kuna cewa ta yi kyau, ba ku san tahiyatta ba. Hwatar jar akuyarmu, wadda Turawa sunka sani da sunan Maroko don ta can taka biyawa da ayari, sai ta sha toka da ruwa gashi ya saki, a karce, a jiƙa, a sa ta cikin bagaruwa ta jemu, a shahe ta da mai, a miƙe. Ja daga karan dahi yaka hitowa. Baƙi daga kuloko. Sannan ta iso hannuna in yanka, in yi mata ado, in ɗunke. Kowane mataki da mai shi, kuma ba a koyo nai cikin wata ukku.

Yanzu mi ag akwai? Hwata mai kyau manyan 'yan kasuwa sun kwashe ta ɗanya zuwa kamhunnan Kano, daga can sai Italiya da Sifen. Ta shanu kuma an cinye ta ganda. Abin da ya rage shi muka saye da tsada. Ga roba mai kama da hwata ta cika kasuwa, mai saye shina taya aikin sati da kuɗɗin roba. Yaron da nika koya ma aiki, in ya ga abokinai ya hau kabu-kabu ya dawo da kuɗɗin cehwane da marece, gobe ba ka ganinai. To ku gina bene hawa goma. In babu yaro bisa agalemi shina koyo, wa za ku sa ciki?

Injiniya Kabiru
Baba ya gama magana. Matsalar kasuwa ce, ba ta gini ba.

Aisha S.
Ai su biyun haɗe suke, Yaya. Ku dubi Ladi Kwali da ke bayan naira 20. Gwanar ginin tukwane ce tun a ƙauyensu. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja. Ba a canza mata zanenta ba, ƙadangarunta da kifayenta suna nan, sai dai ta sami sabuwar hanyar gashi da mutanen da za su ga aikin har Landan. Wuri ne ya haɗa ta da kasuwa. Baba, da za a sami inda ni da ku za mu zauna, in kawo fasalin jakar da matan Abuja ke nema, mai zif mai kyau da aljihun waya, ku kuma ku sa hannunku, da farashin ya sauya.

Baba na Madunka
Wato ke za ki koya man ɗunki.

Aisha S.
Wane ni, Baba. Awo kawai zan kawo.

Baba na Madunka
Na ji. Amma ki sani an sha zo muna da irin wagga magana. Su zo da mota, su ɗauki hoto, su ɗauki samhur, bayan wata shidda ka ga aikinka cikin waya da sunan wani kamhwani, ko gaisuwa babu. Shi ya sa in kun ga tsoho ya ɓoye aiki nai ba rowa ba ta.

Malam Umaru Gidaɗawa
To ku koma kan abin da Nasiru ya faɗa tun farko ku kuka tsallake. Wikalar nan ba don ado aka gina ta ba, don ta kawo haya aka gina ta, hayar kuma aka ɗaure ta da wakafi. Wakafi ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Da wani mai hali zai tsayar da tsohon gida guda a cikin gari, shagunan gaba a ba da haya, kuɗin ya riƙe gyara da wuta da ɗan abin da za a ba almajiran sana'a, zaure ya zama wurin baje aiki, cikin gida ya zama na mata da ƙofarsu da ranakunsu. Ba a jira kasafin kowa ba, ba a roƙi Bature ba. Muna da hukumar zakka da wakafi a jiha, ana iya tambayarsu yadda ake rubuta irin wannan. Mun saba wakafin masallaci da rijiya da maƙabarta, amma koya wa yaro sana'ar da zai ci halal ita ma sadaka ce mai gudana.

Injiniya Kabiru
Wannan na yarda da shi, da sharaɗi. A rubuta, a sa shaidu, a yi takardar fili da sunan wakafin. In ba haka ba ranar da mai gidan ya rasu magada za su ce Baba bai taɓa faɗa ba. Kuma in ginin ƙasa ne a bar shi na ƙasa, a nemo maginan da suka san tubali da azara da makuba. Kar a lulluɓe shi da siminti, ruwa ya shige ta baya ya rushe shi daga ciki. Su ma maginan ai masu fasaha ne, a ba su ɗaki.

Abu Hafsa
In dai yadda Malam ya tsara ne, mata da ɓangarensu, babu gunki, ana tashi in an kira salla, ba ni da ja. Rubutun allo ma ina iya kawo wanda zai koyar. Amma tannurar nan a bar wa Misirawa abinsu.

Lawali Gusau
Mawaƙan fa? An sake mantawa da su.

Abu Hafsa
A kai su Gusau.

Hajiya Inno
Mai halin da zai ba da gidan kuma yana ina? Duk wanda na sani in ya tashi sadaka masallaci yake ginawa kusa da wani masallacin.

Shugaban Zaure
Jama'a, kar zancen ya mutu a waya kamar na gyaran magudanar ruwa. Ga shawara. Asabar mai zuwa duk wanda ke gari mu haɗu da hantsi, mu fara da Madunka wurin Baba, daga nan Majema. Gidan tarihi sai ranar aiki, Murtala zai binciko mana lokacin buɗewa tun da shi ke wucewa kullum. Hajiya, ko za ki haɗa Aisha da masu hula? Nasiru, ka tambayo mana 'yan Atelye yadda suke karɓar sabon ɗan ƙungiya da yadda suke biyan kuɗin gidan.

Nasiru Azhari
In sha Allah, bayan jarrabawa.

Murtala Mabera
Ni dai kar a kai ni Majema da sabuwar shadda.

Baba na Madunka
Ku zo kahin azahar, bayan nan ina da zanen suna. Kowa ya riƙo kuɗɗi aljihu, alabe ko guda ya saye. Mai ɗaukar hoto kuma ya tambaya tukuna. Aisha, ki taho da zif ɗin in gani.